Koyar da Umarnin Kwamfuta Ta Hanyar Wasa da Matsayin Iya Karatu a Makarantun Sakandare

Da wuya a 'yan shekarun nan a yi wani taro kan tattalin arzikin ƙasar nan a watse ba a taɓo batun koya wa matasa aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa ba, wato kwamfuta. A ƙarshen shekarar 2023 ne Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin nan na horar da 'yan Nijeriya miliyan 3 a fannonin fasaha, wanda aka fi sani da 3MTT. A shekarar 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabon tsarin karatu na makarantun firamare da na sakandare, inda aka ware wa fasahar zamani gurbinta. Kafin wannan ma, tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarraba masu neman shiga jami'a da takarda da fensir, ta koma kan kwamfuta ɗungurungum.

Abin da bai cika samun bayani ba shi ne yadda ake koyar da wannan ilmi ga yaro ɗan shekara 12 ko 13 da ke ƙaramar sakandare, da kuma abin da ake bukatar yaron ya zo da shi kafin koyarwar ta yi masa amfani. Hanyar da ta fi karɓuwa a ƙasashen duniya ita ce ta wasa. Hanya ce mai araha, mai jan hankalin yara, amma kamar yadda za a gani, ba ta yin nisa da ɗalibin da bai iya karanta rubutu ya fahimce shi ba.

Da farko dai, me ake nufi da rubuta umarnin kwamfuta, abin da matasa ke kira kodin? Kwamfuta, duk da sunan mai ƙwaƙwalwa da muka laƙaba mata, ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata. Idan uwa ta aiki ɗanta kasuwa ya sayo manja, ya tarar mai rumfar bai fito ba, hankalinsa zai ba shi ya leƙa rumfar gaba. Kwamfuta kuwa tsayawa za ta yi cik, sai fa idan tun farko an gaya mata cewa in babu a nan ta je gaba, in ta zaga rumfa biyar ba ta samu ba ta komo gida. Rubuta irin wannan aike dalla-dalla, cikin wani harshe da na'urar ke ganewa, shi ne aikin mai tsara manhaja. Kusan dukan aikin ya ginu ne a kan abubuwa uku: jera umarni ɗaya bayan ɗaya, gindaya sharaɗi, da kuma maimaita aiki har sai an cimma wata iyaka.

Tunanin koya wa yara wannan aiki cikin wasa ba sabo ba ne. A shekarar 1967 wani masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu mai suna Seymour Papert, tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon, suka ƙirƙiro wani harshen kwamfuta mai suna Logo a Amurka. Papert ya yi shekaru yana aiki a Janeba tare da Jean Piaget, mashahurin mai nazarin yadda hankalin yara ke bunƙasa, ya kuma fito da ra'ayin cewa yaro ya fi koyo idan yana ƙera wani abu da kansa. Abin da aka fi tunawa da shi a Logo shi ne kunkuru. Da fari wata 'yar na'ura ce mai tayoyi da ke tafiya a ƙasa da alƙalami a cikinta, daga baya ta zama ɗan hoto a allon kwamfuta. Yaro zai ce wa kunkurun ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90, ya maimaita haka sau 4, sai ga zanen murabba'i ya fito. Idan ya yi kuskure a lissafin kusurwa, ba malami ne zai faɗa masa ba. Karkataccen zanen da ke gabansa ya wadatar.

Jikan Logo da ya fi yin fice shi ne Scratch, wanda Mitchel Resnick, ɗalibin Papert, da abokan aikinsa suka fitar a 2007 daga jami'ar MIT da ke jihar Masachuset. An yi shi ne musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, kuma akwai nau'insa da ake sakawa a kwamfuta a yi aiki da shi ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga makarantunmu. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 70, ciki har da Suwahili da Zulu da Hausa. Dabarar da ke cikinsa ita ce yaro ba ya buga umarni da haruffa. An riga an rubuta umarnin a jikin wasu tubala masu launi daban-daban, shi dai ya jawo su ya haɗa, kuma tubalin da bai dace da ɗan'uwansa ba ba zai shiga ba. Da haka aka kawar da babban abin da ke karya gwiwar mai koyo, wato a ce aiki duka ya tsaya saboda an manta waƙafi guda.

Ya kamata a ɗan tsaya a ga abin da ke faruwa a aji. A ce malami ya umarci ɗalibai su ƙirƙiri wasan da mangwaro ke faɗowa daga bishiya, mai wasa kuma yana tare shi da kwando. Kafin mangwaron ya faɗo, dole ɗalibi ya san cewa filin wasan yana da faɗin taku 480 da tsawon 360, kuma ana fara ƙidaya ne daga tsakiya, ta yadda hagu da ƙasa ke ɗauke da lambobin da suka gaza sifiri. Yaron da irin waɗannan lambobi suka gagare shi a darasin lissafi, a nan sai ya ga amfaninsu da idonsa, domin idan bai rage lambar tsawo ba mangwaro sama zai tashi. Sannan sai sharaɗi: idan mangwaro ya taɓa kwando a ƙara maki ɗaya, idan ya taɓa ƙasa a rage rai ɗaya. Sai kuma maimaici, domin a yi ta jefo wani mangwaron daga wurin da mai wasa bai zata ba. A ƙarshe ya miƙa wa abokinsa ya gwada, abokin ya gano cewa idan aka tsayar da kwando a ƙarƙashin mangwaro maki na ta hauhawa babu tsayawa. Neman inda wannan kuskure yake da gyara shi shi ne rabin aikin ƙwararrun masu tsara manhaja a manyan kamfanoni.

Akwai wata hanyar ta daban da ake yawan rikita ta da wannan. Ita ce wadda ɗalibi ke buga wasan da wani ya riga ya tsara, yana ba wani hoto umarni ya ratsa lunguna har ya kai inda ake so. Ƙungiyar Code.org, wadda 'yan'uwan nan biyu Hadi da Ali Partovi suka kafa a Amurka a 2013, ita ce ta yayata wannan salo da shirinta na Hour of Code, wato sa'a guda ta gwada rubuta umarni, har ma Shugaba Barack Obama ya zauna tare da yara ya gwada a watan Disamba na 2014. Manyan kamfanoni ba su zauna a baya ba. A wannan shekarar ta 2014 kamfanin Microsoft ya sayi kamfanin da ya yi wasan Minecraft a kan dala biliyan 2 da rabi, a 2016 kuma ya fitar da nau'in wasan na makarantu wanda ake biya. Irin waɗannan wasanni suna da kyau wajen cire wa yaro tsoro a ranar farko, amma amsar da ake nema a cikinsu an riga an tanade ta. Tsakanin yaron da ya ci wasan wani da yaron da ya ƙera nasa akwai tazara mai yawa, kuma shugaban makarantar da za a tallata wa manhaja ya kamata ya tambayi wanne ake sayar masa.

To ina karatu ya shigo?

Masu goyon bayan wannan hanya sun daɗe suna cewa koyon umarnin kwamfuta na kaifafa tunanin yaro a kowane fanni. Bincike bai gaskata maganar a yadda aka faɗe ta ba. Tun a farkon shekarun 1980 wasu masu nazari biyu a kwalejin Bank Street ta birnin New York, Roy Pea da Midian Kurland, suka jarraba yaran da suka shekara suna aiki da Logo, ba su kuma tarar sun fi sauran yara iya tsara aiki ba. Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne, amfanin ba ya tsallakawa zuwa wani fanni da kansa, sai malami ya gina masa gada da gangan.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai alamun cewa ƙwarewar harshe ce ke share fagen koyon kwamfuta. A 2020 Chantel Prat da abokan aikinta a Jami'ar Washinton suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 36 waɗanda ba su taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba. An sa su koyi harshen Python, sai aka ga cewa basirar mutum ta koyon harshe ta fi basirarsa ta lissafi nuna saurin da zai koya. Gwajin ƙarami ne, da manya aka yi shi, ba za a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Sai dai ya dace da abin da duk malamin kwamfuta ke gani a aji. Tubalan Scratch kansu rubutu ne a jikinsu. Idan kuma ɗalibi ya kai babbar sakandare aka ce ya bar tubala ya koma Python, to daga nan karatu ne zalla: ya karanta tambaya, ya karanta abin da wani ya rubuta, ya karanta saƙon da na'ura ta mayar masa lokacin da aiki ya ƙi, ya karanta littafin bayani, kuma yawancin waɗannan cikin Ingilishi suke. Yaron da ke haɗa haruffa da ƙyar zai iya jan tubala yana kwaikwayon na kusa da shi har zangon karatu ya ƙare, malami bai gane ba. A wannan gaɓa ta sauyawa ne asirinsa ke tonuwa.

Girman matsalar kuwa ba ƙarami ba ne. Wani rahoto da Bankin Duniya da hukumomin UNESCO da UNICEF da wasu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Waɗannan yara su ne bayan shekara biyu ke shiga aji ɗaya na sakandare, inda aka ɗauka an gama da batun koyon karatu, babu kuma wani darasi a jadawali da aka ware domin wanda aka baro a baya.

An taɓa zaton cewa na'ura kaɗai za ta magance wannan. A 2005 Nicholas Negroponte, shi ma daga MIT, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100, ko da yake kuɗinta bai taɓa saukowa zuwa haka ba. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada shirin, a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja cikin 2007. Ƙasar Peru ce ta shiga da ƙarfinta, ta sayi fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bi sawun shirin a makarantun karkara fiye da 300, rahotonsa na 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ɗaga ba. Ingila ma da ta wajabta darasin kwamfuta tun daga shekara 5 a watan Satumba na 2014, bayan shekara uku sai wani rahoton ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ya nuna cewa ƙarancin ƙwararrun malamai ne ke tauye shirin, har gwamnati ta ware fam miliyan 84 aka kafa cibiyar horar da malaman a 2018. Idan ƙasa mai wadatar lantarki da littattafai ta yi tuntuɓe a kan malami, ba sai an faɗi inda namu tuntuɓen zai kasance ba.

Duk da haka, darasin wasan kwamfuta na iya zama makamin gyara karatu a sakandare, saboda wani dalili da ya shafi halin 'yan wannan shekaru. Saurayi ɗan shekara 14 da bai iya karatu ba kunya ce ke cinsa. Ba zai yarda a miƙa masa littafin 'yan aji biyu na firamare a gaban tsaransa ba, gara ya koma bayan aji ya yi shiru ko ya daina zuwa. Amma zai karanta layi biyar sau goma idan a cikinsu ne maganin abin da ya hana kwandonsa motsi yake, kuma babu mai yi masa dariya, domin kowa a ajin sabon shiga ne.

Gadar da ake magana a kai ba ta da tsada. Malami na iya kafa doka cewa babu mai taɓa na'ura sai ya rubuta a takarda, cikin cikakkun jimloli, yadda wasansa zai kasance: wane ne a ciki, me yake nema, me zai hana shi, yaya ake ci kuma yaya ake faɗuwa. Da yake kwamfutoci ba sa isa, zama biyu-biyu ya zama dole, sai a mai da dolen dabara: ɗaya ya karanta umarni da ƙarfi, ɗaya ya aiwatar, bayan ɗan lokaci su yi musanya. Scratch kuma ba wasa kaɗai ake yi da shi ba, ana tsara labari mai motsi da zance. Ajin da aka ce ya mai da wata tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zuwa majigi dole ya rubuta zancen kowa, ya jera aukuwa, ya gyara ƙa'idar rubutu, tunda 'yan sauran azuzuwa za su kalla. Wannan insha'i ne, ko da ba a kira shi da sunan ba.

Wani aikin da ya fi wannan wahala, ya kuma fi amfani, shi ne a ce ɗalibai su rubuta dokokin wasan dara yadda baƙon da bai taɓa gani ba zai iya bugawa. Kowa ya san gurabe 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana kuma ci ne idan aka jera uku. Amma da zarar an fara rubutawa sai gardama ta tashi. Idan aka jera huɗu fa? Ana iya tafiya a karkace? Wane ɗa aka yarda a cire wa abokin karawa? Sai ɗalibai su gane cewa abin da suka sani a ka, ba su iya faɗinsa daidai a takarda ba. Cike wannan giɓi shi ne ainihin aikin mai tsara manhaja, shi ne kuma ainihin aikin mai rubuta yarjejeniyar ciniki ko rahoton ofis. Abin lura a nan, ba a kunna kwamfuta ko ɗaya ba. Tun a shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Kantabari a ƙasar New Zealand da abokansa suka tattara irin waɗannan darussa da ake yi da kati da alli da tsakuwa, suka sa musu suna CS Unplugged, ana kuma samunsu kyauta. Da katuna biyar masu ɗigo 1 da 2 da 4 da 8 da 16 ana nuna wa yaro yadda kwamfuta ke ƙidaya daga sifiri zuwa 31 da kunnawa da kashewa kawai. Ga makarantar da ke lissafin kuɗin man janareta tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ta fuskar kasuwar aiki ma maganar ɗaya ce. Gaskiya ne akwai kuɗi a harkar. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ba da rahoton ya haura dala miliyan 200. Amma ya kamata iyaye su san cewa ƙofar masu ƙaramar ƙwarewa tana ƙara ƙuntata. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 domin horar da matasa ya haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami kimanin ƙananan injiniyoyi 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda a watan Satumba na 2019, bisa dalilin cewa masu ɗaukar aiki sun fi neman gogaggu. Tun daga ƙarshen 2022 kuma, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, na'ura da kanta na rubuta ƙananan umarni idan aka bayyana mata abin da ake so. Aikin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya iya bayyana bukatarsa a rubuce ba tare da harshen damo ba, ya karanta abin da na'ura ta kawo, ya gane inda ta yi shirme. Yawancin ɗaliban sakandare ba za su zama masu tsara manhaja ba, kamar yadda yawancin masu koyon lissafi ba sa zama akantoci, amma mai shagon magani da ma'aikaciyar banki da dillalin hatsi duk za su yi hulɗa da na'urar a rubuce.

Wannan ne ya sa tsarin kasafin kuɗin irin waɗannan shirye-shirye ke bukatar a sake dubawa. Sayen kwamfutoci shi ne ɓangaren da ake iya ɗaukar hotonsa ranar buɗewa, shi ya sa ya fi samun masu so. Horar da malamin kwamfuta da malamin harshe su yi aiki tare, da auna karatun kowane ɗalibi a makon farko na shigarsa sakandare, da sayen littattafan karantawa, da tanadin kuɗin gyara da na hasken rana, su ne ba a gani. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, wanda ya haɗa da shekaru uku na ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya. Hukumar UBEC ta sha kokawa cewa biliyoyin naira na kwance a asusun saboda wasu jihohi ba su cika wannan sharaɗi ba.